Ɓarakar da Na Gani a Cikin Azurfa

Har yau idan wani ya kira ni Dakta a kasuwar Bodinga nakan tsaya in gyara masa. Ni ba dakta ba ne. Aikin daktan na yi shi da idona da hannuna, amma wani ya sa hular. Shekara goma sha ɗaya na yi a Ingila ina bin wannan takarda, kuma duk lokacin da na tuna yadda ta kuɓuce mini sai in ji abinci ya fita raina. Sunana Haliru, mutumin Dingyadi, ɗan mai lambun albasa.

Zangona na farko wani gari ne na bakin teku, inda ruwan sama ba ya zuba kamar na mutane, sai dai ya yini yana yayyafi. Zamanin farar hula ta biyu ne, mutumin yankinmu ke kan kujerar ƙasa, mu kuwa da aka tura karatu muna tafiya muna jin kamar da mu aka raba mulkin. Na kama ɗaki a gidan wata tsohuwa. Kwana huɗu da sauka na dawo daga makaranta na tarar ta shiga ɗakina, ta ɗauke ƙullin gabu, ganyen albasar da Baba ya busar da hannunsa ya ba ni, ta jefa a kwandon shara. Ta ce warinsa ya cika mata gida. Ƙullin nan shi kaɗai ne abin da nake da shi mai ƙanshin gidanmu. Na tsaya ina kallonta, zuciyata na tafasa, amma sa'ar kakata ce. Na sunkuyar da kai na ce ta yi haƙuri. Ku riƙe wannan, domin halin da ya sa na ba ta haƙuri a kan kayana shi ne ya ci ni daga baya.

Ba a jima ba aka shiga tsuke bakin aljihu a gida, sannan soja suka karɓe mulki. Tallafin da ake turo mana ya fara zuwa a makare, daga nan ya ɗauke ƙaf. Muka rubuta wasiƙu har muka gaji, ko amsar "mun gani" ba mu samu ba. Mutum ɗaya nake da shi a ƙasar wanda zan yi wa maganar gida ya gane, Altine, ɗan masu shanu daga Lambara ta ƙasar Shagari. Karatun likitan dabbobi ya je yi, ya ƙare yana yankan nama a shagon wani mahauci.

"Haliru, an mance da mu," in ji Altine wata rana muna cin burodi da ruwan zafi. "Waɗanda sunka turo mu su ma ta kansu su kai. Ko mu koma hannu rabbana, ko mu tsaya mu sha wuya nan."

"Ni ba ni komawa ba takarda," na ce. "Baba ya gama gaya ma mutanen lambu ɗanai ya tahi zama dakta."

"To, sai mu ɗaure ciki."

Muka ɗaure. Na wanke kwanuka, na share asibiti, na ɗauki kaya a tashar jirgin ƙasa. Da haka na lallaɓa na gama digirin farko a fannin lantarki.

Zangona na biyu wani gari ne na masana'antu a tsakiyar ƙasar. Can na sami aiki a ɗakin binciken wata jami'a, kuma kada ku ji an ce ɗakin bincike ku ɗauka wani abu ne. Ɗan dako ne ni. Aikina in tura manyan tuluna na ƙarfe cike da ruwan naitirojin daga ƙasa zuwa bene na uku. Ruwa ne mai sanyin da idan ya taɓa fata yana ƙuna kamar garwashi, yana ta tururi ba wuta a ƙarƙashinsa. Ina da digiri a akwati ina tura tulu, yaran da na fi su sanin lissafi suna wuce ni ba sannu. Mutum ɗaya ce ta fara tambayar sunana na gaskiya, wata dattijuwa mai suna Doris, wadda ke goge ƙananan gutsattsarin ƙarfe kafin a duba su a madubin ƙara girma. Ita ce ta ga ina neman lungun salla a ƙarƙashin matakala, ta matsar da wani kabad a ɗakinta ta ce, "Nan ya fi ɗumi." Ba ta taɓa tambayata komai a kai ba, sai dai in na idar in tarar da shayi a kan tebur.

Ina cikin wannan dako duniyar masu binciken ta hargitse da wani sabon abu. Bari in yi muku bayaninsa a taƙaice, don shi ne ƙashin labarin. Kowace waya da kuka sani tana cin wani abu daga wutar da ke bi ta cikinta, shi ya sa take ɗumi. Amma akwai wasu abubuwa da idan aka sanyaya su ƙwarai sai su daina cin komai, wuta ta wuce salin-alin. Da can sai an kai su wani sanyi mai wuyar samu. Sai aka gano wani baƙin gari wanda idan aka gasa shi yakan yi wannan aiki a sanyin naitirojin, wato ruwan da nake dako. Wannan sanyi da ke ƙona fata shi Turawan nan ke kira "zafi mai yawa", don ya fi na da sauƙi. Na daɗe da daina mamakin yadda suke sa wa abu suna.

Shugaban ɗakinmu, wanda kowa ke kira Farfesa, ya juya aikin gaba ɗaya zuwa wannan baƙin gari. Hannu ya yi ƙaranci. Wata rana ya ji ina gyara wa wani ɗalibi lissafi, ya tsaya ya dube ni kamar yau ya fara ganina, alhali shekara uku ina wuce ƙofarsa da tulu. Ya ɗauke ni ɗalibin digirin dakta. Sharaɗi ɗaya ne: cikin shekara uku in kawo wani abu sabo wanda ba wanda ya riga ni, in ba haka ba babu takarda, kuma izinin zamana zai ƙare tare da wa'adin. Ranar na rubuta wa Baba wasiƙa mai shafi huɗu.

Ga yadda ake yin wayar. Ana ɗura baƙin garin a bututun azurfa, a ja shi ya sirance, a haɗa da yawa a wani bututun, a sake ja, a murɗa, a bi ta kansa da injin murza har ya zama ziri mai faɗi kamar ganyen kaba, sannan a gasa a tanderu. Matsalar ita ce wutar da ake amfani da ita a gidaje ba miƙe take tafiya ba, kai da komowa take yi sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya. Duk juyowar da ta yi sai zirin ya yi asarar ɗan ƙarfi, asarar ta zama zafi, zafin ya tafasa naitirojin. Ribar da ake nema sai ta bi tururi. Maganin da aka sani shi ne a raba cikin zirin sili-sili, kowane sili da bangon azurfa tsakaninsa da ɗan'uwansa, a kuma murɗa su. In silin sun yi yawa sun yi siriri, asara ta ragu. Farfesa ya zana nasa mai sili talatin da bakwai a zirin da bai kai faɗin farce ba, yana alfahari da shi kamar ɗan fari.

Ni aka ba aikin auna asarar. Na auna. Zirin Farfesa mai sili talatin da bakwai yana asara daidai da wanda ba a raba ba ko kaɗan. Na sake aunawa, haka. Aka gasa wani, haka. Wata takwas muna wannan.

Mataimakin Farfesa wani ne Dakta Martin, mai fara'a, mai dafa kafaɗar mutum. Shi ya fara cewa a taron mako, yana murmushi, "Anya ba ma'aunin Haliru ba ne? Ko kuwa hannun mai aunawar?" Aka yi dariya. Suka yanka zirin a gicciye wuri uku, suka duba bakin yankan a madubi, ga sili talatin da bakwai kowane a ɗakinsa, bango lafiya lau. Shi ke nan, laifi ya tabbata nawa ne. Farfesa ya kira ni ofis ya ce in ban gyara awona ba kafin ƙarshen bazara zai ba wani aikin. Na san ma'aunina daidai yake, don na gwada shi da wayar tagulla ya faɗi gaskiya. Amma wa zai saurari tsohon ɗan dako?

A hanyar komawa masauki na tuna Baba. Lambunmu na Dingyadi a rarrabe yake fangali-fangali, kowane da ɗan bangon ƙasa da ke riƙe masa ruwansa. Kowace safiya kafin a taɓa jigo, Baba sai ya cire takalmi ya bi kan kowane bango daga farko har ƙarshe, yana danna shi da diddige. Ina yaro abin yana ba ni haushi, don rana na yi muna tsaye.

"Baba, jiya munka duba su. Ga su nan lahiya, daga nan ma ana gani."

"Ido bisa shika gani, ƙahwa ka ganin ciki," yakan ce. "Ramin gyare guda ya isa shi maida fangali goma fangali guda. Kai ka tsaya nan ka yi ta kallo."

Na tsaya cak a bakin titi. Mutanen nan sun yanka zirin wuri uku sun leƙa, wato sun tsaya a bakin lambu sun yi kallo. Ba wanda ya bi bangon a tsaye daga farko har ƙarshe.

Washegari na gaya wa Doris abin da nake so. Ta haɗa mini wani ruwa mai cin azurfa a hankali ba tare da ya taɓa baƙin garin ba. Na riƙa feƙe saman zirin, in kwantar da shi a ƙarƙashin madubi, in bi kowane bango da ido, ɗan kaɗan-kaɗan, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Sati shida na yi a sunkuye, wuyana ya ƙage, idona na ruwa. A sati na biyu na ga ɓaraka ta farko. Bangon azurfar ya sirance a wani wuri ya fashe, baƙin abin ya tsallako daga wannan sili ya kama na kusa da shi. Ɓarakar ba ta kai kaurin gashi ba. Na ci gaba, ga wata, ga wata. A kowane taƙi sai an sami uku ko huɗu, kuma da wuya wuƙar mai yanka a gicciye ta faɗa daidai kan ɗaya. Silin talatin da bakwai duk sun riƙe hannun juna, wuta na zagayawa cikinsu kamar ba a raba ba. Dalilin ma a fili yake. Silin sun yi wa faɗin zirin yawa, bangon ya yi siriri, injin murza kuma yana danna shi da ƙarfi. Ma'aunina bai taɓa yin ƙarya ba, zanen Farfesa ne ke da aibi.

Doris ta leƙa madubin ta daɗe, sannan ta ɗago ta ce, "Ka rubuta shi yau. Ka sa sunanka a sama, ka sa kwanan wata, ka ajiye a teburinsa kafin ka tafi gida."

Na ce zan yi tunani. A raina kuwa cewa na yi matar nan tana da kirki amma ba ta san girman manya ba. A wurinmu yaro ba ya tunkarar babba ya ce masa ka yi kuskure. Ana bi ta hannun na kusa da shi, shi ya nemi lokacin da ran babban yake a sake ya sanar da shi cikin hikima. Babban ya gyara kamar shi ya gano, ba wanda ya ji kunya, kuma daga baya yakan san wanda ya aiko, ya saka masa. Haka na ga ana yi a zauren hakimi tun ina riƙe wa Baba takalmi. Ranar Lahadi na hau jirgin ƙasa na je wurin Altine na shawarce shi.

"Kai, kak ka kuskura ka tunkare shi," in ji Altine. "Mutumin da yaɗ ɗauko ka daga dako? Ka ce mai aikinai ya ɓaci? Nemi wazirinai. Babba ya san wanda yay yi mai alheri."

Mu biyu muka zauna a bayan shagon mahauci, shekara tara a ƙasar, muka yanke shawarar da ta dace da zauren hakimin Dingyadi.

Litinin na sami Dakta Martin. Na nuna masa komai. Na ba shi hotunan da na ɗauka, na ba shi gutsattsarin zirin, na koya masa yadda ake haɗa ruwan da yadda ake bin bangon. Na ma gaya masa maganin da nake gani: a rage silin, a ƙara kaurin bango, a sassauta murza. Na ce, "Ka fi ni kusa da Farfesa. Ka sanar da shi lokacin da ka ga ya dace, yadda ransa ba zai ɓaci ba." Ya dube ni ɗan lokaci, ya dafa kafaɗata ya ce, "Bar komai a hannuna." Na fito ina jin daɗin na yi abin da ɗan mutunci ke yi.

Sati uku shiru. Sai ranar taron mako Martin ya miƙe ya haska hotunana a bango. Ya ce, "Na daɗe ina zargin yankan gicciye yana ɓoye mana wani abu, sai na yi tunanin a bi zirin a tsaye." Ina zaune a kujerar baya ina kallon Farfesa, ina jiran ya murtuke. Mutumin nan sai ya buga tebur ya fashe da dariya. Ya ce, "Ashe ni ne na ɓata abin. Madalla, Martin, madalla." An gaya masa ya yi kuskure a gaban mutum goma sha biyu, yana murna kamar an yi masa haihuwa. Wanda na sha wahalar kare girmansa ashe ba ya bukatar karewa.

Na ci gaba da jira. Na ce yanzu zai ambaci sunana. Can wajen ƙarshe ya ce, "Haliru ma ya taimaka wajen shirya gutsattsarin." Doris ta juyo daga inda take ta kafe ni da ido, tana nuna mini da haɓa in tashi. Ban tashi ba. Manya na magana, ba a katse su. Na ce a raina ai babba ya san wanda ya aiko, zai kira ni daga baya.

Bai kira ni ba, don bai sani ba, kuma ba wanda ya gaya masa. Aka yi sabon ziri mai sili goma sha tara da bango mai kauri, aka sassauta murza. Ni aka ba in auna, da ma'aunin nan da aka yi wa dariya, na ga asara ta sauko da idona. Ba wanda ya ce mini yi haƙuri. Cikin gaggawa suka rubuta rahoton aka buga a mujallar masana, sunan Martin a gaba, na Farfesa na bin sa. Nawa yana can ƙasa cikin ƙananan baƙaƙe, inda ake gode wa wanda ya kawo naitirojin da wanda ya goge ƙarfe. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ranar da na ga mujallar ce ladabina ya ƙare. Na shiga ofishin Farfesa ban ƙwanƙwasa ba, na faɗa masa komai daga sati shidan nan har zuwa ranar Litinin. Doris ta biyo ni ba tare da na kira ta ba, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Gaskiya yake faɗa. Ni na haɗa masa ruwan. Martin bai taɓa zama a madubin nan ba sai bayan an nuna masa."

Farfesa ya cire tabarau ya murza ido. "Me ya hana ka zuwa wurina?"

"Girmanka na kiyaye. Zanenka ne, ban so ka ji kunya daga bakina ba."

"Girmana? Wata takwas ina neman amsar nan. Kana da ita a hannu, ofishina taku goma daga ɗakinka, ka kai wa wani? Kuma ranar taron kana zaune, me ya rufe maka baki?"

Ya mayar da tabaransa, sannan ya ce ya yarda da ni. Wallahi haka ya ce, ya yarda. Amma rahoto ya riga ya fita, Martin ya sami kujerar koyarwa da shi, in aka tono maganar sunan sashen zai ɓaci, kuma ba ni da ko layi ɗaya a rubuce da ya riga nasa. Masu jarrabawa ba za su ba ni dakta a kan abin da aka buga da sunan wani ba. In ina so in fara wani binciken na wasu shekara uku, sai dai ba shi da kuɗin da zai riƙe ni da shi, izinin zamana kuma saura wata biyar. Ko kuwa in haɗa awon da na yi a ba ni digiri na biyu in tafi.

Wannan ita ce ba ta bar ni ba har yau. Da ya ce ƙarya nake, da na san da wa nake faɗa. Mutumin nan ya karɓi gaskiyata da hannu biyu, ya naɗe ta, ya sa a aljihun tebur ya kulle. Ni da na ƙi kunyata shi shi kaɗai, shi ya zaɓi ya bar ni in tafi wayam don kada sashensa ya ji kunya. Ashe su ma sun san kara, sai dai wa junansu suke yi.

Na gamu da Martin a matakala. Bai ko kauce ba. Ya ce, "Haliru, da hannunka ka ba ni. Ka ce in yi yadda na ga ya dace." Na so in shaƙe shi, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne bai ƙara ko kalma ɗaya a kan abin da na faɗa ba.

Na karɓi digiri na biyun. Altine ya zo rakiya tasha, ya kasa haɗa ido da ni. "Shawarata ta kashe ka," ya ce. Na ce ba shi ba ne, ko bai faɗa ba haka zan yi. Doris kuwa ta miƙo mini wata 'yar kwalba siririya da aka toshe bakinta. A ciki akwai guntun zirin da na fara ganin ɓaraka a jikinsa, ta ɓoye shi tun ranar. Ta liƙa 'yar takarda ta rubuta sunana cikakke da kwanan watan. Ta ce, "Ni dai na rubuta." Ita kaɗai ce a ƙasar can ta rubuta.

Na sauka a tashar Bodinga da hantsi, tun kafin in sauke akwati masu lodi suka fara "Dakta ya dawo". Kwana biyu gidanmu cike da masu barka, ban sami bakin gyara wa kowa ba. A rana ta uku na bi Baba lambu da sassafe. Ya tsufa, bayansa ya ranƙwafa, amma yana isa ya cire takalmi ya hau bango. Ina biye da shi daga gefe, da takalmina na Ingila, na ba shi labari tun daga kan baƙin gari har zuwa aljihun teburin Farfesa. Na nuna masa kwalbar. Ya ɗaga ta sama ya duba, bai ga komai ba, ya miƙo mini.

"Kai kag gani da idonka?"

"Ni nig gani, Baba. Tahiyarka ta bisa bango niy yi musu."

"Kag gani, sannan kan nemi ɗan aike."

"Babba na, Baba. Kai kak koya min ba a tunkarar babba."

Ya ci gaba da danna diddige, ni kuwa na ji haushi ya taso mini, don na zaci zai tsine wa Martin ko ya ce Allah ya isa. Muka kai ƙarshen lambunmu, inda ya yi iyaka da na Sarkin Noma, dattijon da ko hakimi ba ya kiran sunansa. Yaransa sun riga sun fara ba da ruwa, shi yana zaune can nesa a kan buzu. Sai Baba ya tsaya. Ruwa na tsiyaya ta ƙasan wani bango yana shiga fangalin da aka dasa jiya, yana kwance ƙananan albasa. Baba ya tsallaka iyaka ba sallama, ya luma diddigensa a ramin, ya ɗaga murya yadda duk fadamar ta ji.

"Sarkin Noma! Bangonka ya ɓalle! A tsai da ruwa!"

Aka tsayar. Yara suka kawo laka, Baba bai ɗaga ƙafa ba sai da aka toshe. Sannan ya wanke hannu a hanyar ruwa, ya taka har gaban buzun, ya durƙusa ya kwashi gaisuwa mai tsawo, ranka shi daɗe, an tashi lahiya, ina gajiya, kamar ba shi ne ya yi ihun ba. Sarkin Noma ya sa masa albarka, yana kiran sunansa a gaban kowa.

Da muka dawo cikin namu Baba ya tsaya yana kankare laka daga ƙafarsa.

"Ka ga na gaishe shi?"

"Na gani."

"Sai da nit toshe. Gaisuwa tana jira, ruwa ba shi jira. Wancan da kaɗ ɗauka ladabin zaure na. Kai kau lambu anka sa ka." Ya dube ni, idonsa ya yi ja. "Duka biyun nik koya ma, Haliru. Shekara goma sha ɗaya ina gaya ma mutane ɗana ya tahi zama dakta."

Ya juya ya hau bango na gaba, yana tafiya a hankali saboda gwiwa. Akwai sauran fangali bakwai da ba a bi ba, rana kuma ta fara zafi. Na sa kwalbar a aljihu, na sunkuya na kwance igiyar takalmina.